Aljihun Haladu

Ranar da na ce ya juye aljihunsa a kan tebur,
ga abin da ya zubo:
ƙusa uku, guntuwar waya ja,
da wani ƙulli naɗe da salatif,
tsintuwar bayan Panteka.
Aji ya kwashe da dariya, ni na ɗauki bulala.
Na ce, "Makaranta ce nan, ba juji ba."

Shekara goma sha tara ina cin ƙurar alli a Tudun Wada,
da jan biro nake gane mai ƙoƙari,
da jan biro nake gane daƙiƙi.
Haladu na ashirin da bakwai cikin talatin,
rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan toka.
Na watsa tarkacen a jaka, na manta.

Da dare ina duba takardun jarrabawa
aka ɗauke wuta, yadda aka saba.
Ina lalubar ashana cikin jaka
yatsana ya danne ƙullin nan,
sai ɗaki ya haske.
Da fitilarsa na duba takardarsa:
goma sha ɗaya bisa ɗari.
Na daɗe ina kallon biro, ina kallon fitila,
na rasa wanda zan gaskata.

Da safe ban iya ba shi haƙuri ba,
girma ya tokare mini maƙogwaro.
Na dai ce, "Nawa ka kashe a kanta?"
Ya sosa ƙeya.
Daga bencin baya Rifkatu ta ɗaga hannu,
'yar mai tumatir, wadda ta koyi lissafi a gindin faranti:
"Malam, ai bai san uwar kuɗi ba,
balle ya san 'ya'yanta."

Hedimasta ya ba mu tsohon sito, Laraba bayan tashi,
da sharaɗin kada mu nemi ko kwabo.
Mu shida muka share kashin ɓera.
Haladu na haɗawa, Rifkatu na rubutawa,
Sagir mai surutu, wanda na sha kora waje,
shi ya zama bakinmu a wajen masu shayi.
Fitila goma sha biyu, kwana huɗu, babu saura.

Sai ruwan Agusta ya sauka.
Bakwai suka dawo a mace, masu su na huci.
Haladu ya shige bayan ƙofa, ya ƙi fitowa.
Rifkatu ta ƙirga wa kowa kuɗinsa a tafin hannu,
ta ari jan birona,
ta rubuta "asara" da manyan baƙaƙe,
hannunta ko rawa bai yi ba.

Muka kwashi gawarwakin zuwa Panteka.
Baba Isiyaku mai walda ya juya ɗaya, ya tofar da goro:
"Ruwa ba maƙiyinka ba ne, yaro,
mai duba aiki ne, kuma ba ya karɓar toshiya."
Ya nuna masa dalma, ya nuna masa inda ake toshewa.
Ni ma na tsuguna, da digirina,
ina riƙe musu waya.

Ƙarshen zango riba dubu biyu da ɗari uku.
Sagir ya ce tsire, Rifkatu ta ce dalma.
Aka yi musu har la'asar, dalma ta ci.
Haladu ya koma na ashirin da huɗu,
har yau bai iya rubuta "jimla" daidai ba.

Jan biro na nan a gaban rigata, ban yar ba.
Amma in na ga aljihun yaro ya kumbura,
sai in rage murya in ce, "Me kake ƙerawa?"

Jiya bayan isha'i na bi ta bakin titi.
Ana yayyafi, unguwa duhu.
Teburin Mamuda mai shayi kaɗai ke da haske,
yana fasa ƙwai a ƙarƙashinsa.